Ɗakin Halwa a Ƙololuwar Asekrem

A tsakiyar hamadar Sahara, can kudancin ƙasar Aljeriya, akwai wani gungun duwatsu da masu ƙasar suke kira Ahaggar, Larabawa kuma suke cewa Hoggar, wanda babban garinsa shi ne Tamanrasat. Kuma ko da yake a taswira garin na Aljeriya ne, duk wanda ya auna nisa zai tarar ya fi kusa da Kano a kan birnin Aljas inda fadar mulkin ƙasar take, balle Agadas, wadda tsakaninta da shi tafiyar kilomita 800 da ɗoriya ce ta kan Arlit da Assamaka da In Gezzam. Kimanin kilomita 80 arewa da garin, a cikin yankin da ake kira Atakor, akwai wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, sunansa Asekrem, wanda tsawonsa daga fuskar teku ya haura mita 2,700, wato ya ɗara dutsen Bagzan na ƙasar Abzin da kusan mita 700. A bisa wannan tudu akwai wani ɗan ɗaki na dutse, gajere, wanda wani rahibi Bafaranshe ya gina ya shiga cikinsa a shekarar 1911, kuma har yanzu mutane suna tasowa daga ƙasashe masu nisa, su kwana a gindin tudun, su tashi da asussuba su hau, kowa yana neman inda zai raɓe shi kaɗai ya jira fitowar rana.

Mas'alar da nake so mu duba ita ce ta wannan kwaɗayin kaɗaici: me mutum yake nema idan ya bar jama'a ya hau dutse, me magabata suka ce a kai, kuma me tarihin wannan ɗakin da kansa yake nunawa. Dalilin da ya sa ta cancanci bincike shi ne, masu magana a kanta sukan cakuɗa abubuwa uku da malamanmu suka rarrabe tun da daɗewa, wato halwa, wadda ita ce keɓewa a wuri sananne na kwanaki ƙididdigaggu domin ibada. Da uzula, wadda ita ce janye jiki daga cuɗanya da mutane a matsayin tafarkin rayuwa. Da tafiya kaɗai a cikin dawa, wadda hukuncinta dabam ne da na biyun farko.

Sai mu fara da dutsen, domin wanda bai san yadda wurin yake ba, ba zai gane abin da ke jan mutane zuwa gare shi ba, haka kuma ba zai gane haɗarinsa ba. Atakor kufai ne na duwatsu masu aman wuta da suka mutu tun zamani mai nisa. A inda narkakken dutsen ya kasance mai ruwa-ruwa, ya malale ya daskare ya zama baƙin fili mai tsakuwa. A inda kuwa ya kasance mai kauri, sai ya sandare a cikin maƙogwaron dutsen, sa'an nan iska da ruwa da zafin rana da sanyin dare suka yi ta cin gefen da ya fi laushi shekaru bila adadin, har ya zube, aka bar abin da ya sandare a tsaye shi kaɗai, a tsattsage daga sama har ƙasa kamar damin kara da aka jingine. Irin waɗannan turaku ne mai tsayuwa a Asekrem yake gani sun cika gabas da kudu, wasu masu tsini, wasu kamar rumbu, kuma a cikin yankin ne Tahat yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Aljeriya, kimanin mita 2,900. Da sassafe, kafin rana ta ɓullo, dukkansu baƙaƙe ne a jikin sararin da ya fara ja. Idan ta ɓullo sai hasken ya riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya, na nesa ya yi shuɗi-shuɗi, na kusa ya yi jajawur, ba kukan zakara, ba sautin turmi, ba abin da kunne yake ji sai iska.

Wannan tsawo yana da hukuncinsa a kan jikin ɗan Adam. Iskar da ake shaƙa a can ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na kaurin wadda ake shaƙa a bakin teku ba, shi ya sa hawan da ya rage daga masaukin baƙi da ke mashigin dutsen zuwa ɗakin, wanda bai fi tafiyar rabin sa'a ba, yake sa ƙaƙƙarfan saurayi haki. Ruwa yakan tafasa tun bai kai zafin da ya saba kaiwa a ƙasa ba, wajen digiri 91, saboda haka dahuwa takan yi nawa. Zafin yanayi yana raguwa da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka da hunturu ruwa yakan daskare da dare, wani lokaci har ƙanƙara ta rufe duwatsun fari fat. Ruwan sha kuwa sai a ramukan dutse da ake kira gelta, irin na Afilal da ke kan hanya, waɗanda wanda bai san ƙasar ba zai iya wuce su da taku kaɗan ƙishirwa na cinsa bai gan su ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne koramu: baƙo yakan ga yashi mai laushi a cikin busasshiyar korama ya shimfiɗa bargonsa, alhali an yi ruwa a kan duwatsu can nesa inda bai gani ba, cikin dare ambaliya ta taho da duwatsu ta same shi yana barci.

Mutanen wannan ƙasa, Kel Ahaggar, 'yan'uwan Abzinawa da muka sani a kasuwanninmu, suna da kalma guda, esuf, wadda take nufin dawa marar kowa, take kuma nufin kewa da kaɗaicin da ke kama zuciya. Aljannu kuwa suna kiransu Kel Esuf, wato mutanen kaɗaici. A ganina wannan kalma ta ƙunshi ilmi mai yawa, domin mutanen da suka fi kowa sanin hamada, waɗanda aka haifa a cikinta, su ne suka fi kowa ƙin a yi wasa da ita, kuma suna ɗaukar wutar da aka hura da shayin da aka zauna aka sha tare da hirar dare a matsayin garkuwa daga wani abu da suke jin tsoronsa da gaske.

Wanda ya gina ɗakin shi ne Charles de Foucauld, ana furta sunan Fuko. An haife shi a Strasbourg a 1858 a gidan masu sarauta, ya tashi maraya, ya gaji dukiya mai yawa ya ɓarnatar da sashenta a shagala lokacin da yake hafsan sojan doki, kuma tun yana saurayi ya rabu da addini ɗungum. A 1883 da 1884 ya ratsa ƙasar Maroko a ɓoye, cikin shigar Bayahude, tare da wani malamin Yahudawa mai suna Mardoshe, yana auna hanyoyi da duwatsu yana rubutawa a ɗan littafin da yake ɓoyewa a tafin hannu; kuma shi da kansa ya shaida daga baya cewa ganin Musulmi suna tsayar da salla, suna rayuwa kamar kullum Ubangiji yana gabansu, shi ne ya fara girgiza kafircinsa. Sai dai bai musulunta ba. A 1886 ya koma ga addinin iyayensa na Katolika, ya shiga gidan ruhubanawa a 1890, ya zauna a ƙasar Sham, ya yi shekara uku yana aikin barantaka a Nazarat, aka naɗa shi fada a 1901, ya tafi Beni Abbas a hamadar Aljeriya, daga can kuma ya sauka Tamanrasat a 1905, lokacin tana ƙauye mai 'yan bukkoki, da yardar Musa ag Amastan, amenokal, wato sarkin Kel Ahaggar.

A nan ne tarihi ya saɓa wa abin da masu ziyara da yawa suke zato. Su suna hawa ne da tunanin cewa mutumin ya gudu daga mutane ya nemi wurin da babu kowa. Alhali babban dalilinsa na zaɓen Asekrem shi ne, a tsammaninsa nan ce cibiyar makiyaya, inda masu raƙuma da awaki suke kewayawa idan an sami ruwa, ga shi kuwa Tamanrasat ba ta da mutane sai 'yan manoma. Ya hau a watan Yuli na 1911, ya sauko a watan Disamba, wata biyar ke nan, kuma bai ƙara yin dogon zama a can ba har ya mutu. Fari ya kori makiyaya zuwa nesa, sanyi ya tsananta, ruwa da itace da abinci duk sai an ɗauko su daga ƙasa a kan dabbobi. Ko a cikin wata biyar ɗin ma ba shi kaɗai ba ne, domin yana tare da Ba Hammu, magatakardan Musa ag Amastan, wanda suke wuni suna aikin ƙamus da shi, ga kuma baƙi da sukan hau su ci abinci su kwana. Tun kafin wannan, a farkon 1908, bayan ya rabar da abincinsa a lokacin yunwa ya kwanta ciwo har ya fid da rai, mutanen ƙasar ne suka bi rugage suna neman awakin da suka rage da ɗan nono, suka riƙa kawo masa har ya miƙe. Wanda ya zo da niyyar ya ba su, sai ga shi ransa ya rataya a kan abin da matalauta Musulmi suka tatso masa a shekarar fari. Kuma masu nazarin rayuwarsa suna ganin daga wannan ciwo ne mu'amalarsa da su ta sake kama.

Abin da ya bari daga zamansa a Ahaggar, wanda ya wanzu, shi ne aikin harshe. Ƙamusunsa na Tamahak, wato harshen Kel Ahaggar, da Faransanci, wanda aka buga a juzu'i huɗu a 1951 da 1952 da hoton rubutun hannunsa, ya kai shafi 2,000, kuma har yau masu nazarin harsunan Abzinawa da Barbar ba su da makawa sai sun koma gare shi. Ya kuma tattara baitoci wajen 6,000 na waƙoƙinsu daga bakin maza da mata, ya fassara, ya yi musu sharhi. A shekara goma sha ɗaya da ya yi a cikinsu bai mayar da ko mutum ɗaya daga Kel Ahaggar Kirista ba.

Insafi ya wajabta a faɗi ɗaya gefen, kuma ba na ganin daidai ne a sassauta shi. Fuko bai isa Ahaggar ba sai a bayan bindiga: a 1902 aka yi yaƙin Tit inda sojan Faransa suka karya ƙarfin Kel Ahaggar, kuma abokinsa Laperrine, kwamandan yankin, shi ne ya jawo shi kudu. Ya yi imani da mulkin mallakar Faransa, yana rubuta wa hafsoshi wasiƙu da labarin ƙabilu da shawarar yadda za a tafiyar da su, ko da yake shi ne kuma ya yi ta ƙorafi a kan yadda hukumar Faransa ta kau da kai daga cinikin bayi, har ya fanshi waɗansu da kuɗinsa, ya kuma soki zaluncin wasu hafsoshi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da 'yan Sanusiyya suka taso daga Libiya, ya gina ƙaramar ganuwa a Tamanrasat domin mutanen ƙauyen su fake, aka ajiye bindigogi a ciki. Ranar 1 ga Disamba 1916 mahara suka zo, suka sa wani wanda ya sani ya kira shi bakin ƙofa, suka ɗaure shi, suka bar wani yaro ɗan shekara goma sha biyar yana gadinsa. Da yaron ya hango sojan raƙumi biyu tafe sai ya firgita ya harbe Fuko har lahira. A cikin watan nan ne Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, ya yi wa barikin Faransa na Agadas ƙawanya da goyon bayan Sarkin Abzin Tegama, har zuwa Maris 1917, da rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya shi, aka bi mutanen gari da kisa, har da malamai. Wutar da ta ci rahibin ita ce ta ci Agadas, kuma wanda ya yi juyayin ɗaya ya manta da ɗaya bai yi adalci ba. Cocin Katolika ta sanya shi cikin waliyyanta a 2022. Musulmin Aljeriya kuwa ra'ayinsu ya rabu a kansa, wasu suna ganin mai zuhudu ne na gaskiya, wasu suna ganin idon 'yan mulkin mallaka ne, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya turewa.

To, me Musulunci ya ce game da hawan dutse domin keɓewa? Ba baƙon abu ba ne gare mu, domin wahayi da kansa a kogon dutse ya fara sauka. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari, daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa kafin aike an sanya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, son keɓewa, yakan tafi kogon Hira ya yi ibada darare masu yawa. Amma mai lura zai ga sharuɗɗan da suke cikin labarin: wurin sananne ne, kusa da Makka, yakan tafi da guzuri, idan guzurin ya ƙare yakan komo wurin Nana Hadiza ya sake wani, kuma bayan da aka aiko shi bai koma zaman kogon ba, sai aka shar'anta i'itikafi, wanda keɓewa ce a tsakiyar jama'a, a cikin masallaci, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya sai da azumi. Alƙur'ani ya yabi waɗansu daga malaman Nasara da ruhubanawansu da rashin girman kai a cikin Suratul Ma'ida, ya kuma bayyana a cikin Suratul Hadid cewa ruhubananci abu ne da suka ƙaga wa kansu, ba a wajabta musu ba, sa'an nan ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba. A hadisi akwai labarin sahabin da ya wuce ta wani kwari mai idon ruwa mai daɗi, wurin ya burge shi, ya yi sha'awar ya zauna a can ya rabu da mutane, da ya nemi izini aka hana shi. Akwai kuma hadisin da ya ba da labarin wani zamani da mafificiyar dukiyar Musulmi za ta zama 'yan tumaki da zai bi kawunan duwatsu da su yana gudun fitina da addininsa. Nassoshin ba su yi karo da juna ba. Kowanne yana magana ne a kan hali dabam da mutum dabam.

Wanda ya fi kowa warware wannan, a iya karatuna, shi ne Imamu Gazali a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya keɓe babi guda ga ladubban uzula. Kuma maganarsa tana da nauyi domin ya ɗanɗana abin da kansa, tun da ya bar kujerar karantarwa ta Bagadaza a 1095, a lokacin da babu malamin da ya kai shi ɗaukaka, ya tafi Dimashƙa yana rufe kansa a hasumiyar masallaci, bai koma karantarwa a fili ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Ya lissafa fa'idodi shida na keɓewa, daga cikinsu samun sarari domin ibada da tafakkuri, da kuɓuta daga giba da riya da husuma, da yanke kwaɗayin abin hannun mutane. Sa'an nan ya lissafa fa'idodi bakwai na cuɗanya waɗanda mai keɓewa yake hasararsu, kamar koyo da koyarwa, da amfanar da mutane, da horon zuciya ta hanyar jure cutarwarsu, da tawali'u, da gogewa. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya kwatanta zuciya mai cike da hassada da fushi da maruru, wanda mai shi ba ya jin zafinsa muddin ba a taɓa shi ba. Mutum yana iya shekara a kan dutse yana zaton ya zama mai haƙuri, alhali dai babu wanda ya taka shi ne; ranar da ya sauko kasuwa aka bangaje shi, ran nan zai san abin da ke cikinsa. Saboda haka Gazali bai yanke hukunci guda ga kowa ba, ya ce a dubi mutumin, a dubi abokan zamansa, a dubi abin da ya sa shi keɓewa, a auna abin da zai samu da abin da zai rasa; jahilin da bai san farillansa ba kuwa, keɓewarsa hasara ce tsantsa.

Sufaye da suka mayar da halwa tafarki, irin 'yan Halwatiyya, waɗanda ake danganta shigar koyarwarsu duwatsun Abzin ga Sidi Mahmud al-Bagdadi a ƙarni na 16, sun kewaye ta da sharuɗɗa masu tsanani: izinin shaihi, da kwanaki ƙididdigaggu waɗanda galibi ba su wuce arba'in, da wuridi sananne, da mai kawo ɗan abinci, da shaihin da muridi zai gaya wa abin da ya gani ko ya ji domin a rarrabe masa tsakanin buɗi da wasuwasi. Ko a garuruwanmu, idan aka ce malam ya shiga halwa, kowa ya san ɗakin da yake, akwai almajirin da yake ajiye masa ruwa da fura a bakin ƙofa, kuma an san ranar fitowarsa. Hikimar wannan a fili take ga duk wanda ya san abin da rashin barci da yunwa da shiru suke yi wa ƙwaƙwalwa, domin an sha ganin wanda ya shiga ba da jagora ba ya fito da taɓin hankali, ko ya fito da ujubu yana jin ya fi kowa, wanda shi ne ciwon da ya fi wuyar magani.

Tafiya kaɗai a dawa kuwa, maganarta ta fi sauƙi, domin hani ya zo a kanta: ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi game da tafiyar dare ga mutum shi kaɗai, ya kuma nuna cewa sai matafiya sun kai uku suke zama ayari. Malamai sun bayyana illar da cewa wanda yake shi kaɗai, in ya yi ciwo babu mai jinyarsa, in ya mutu babu mai yi masa wanka da sutura, babu mai kai wasiyyarsa ga iyalinsa. Sun kuma yi rangwame inda lalura ta sa ko hanya ta zama amintacciya mai yawan masu wucewa. Fatakenmu da suka yi ƙarnuka suna ratsa wannan hamada ba su taɓa fita ba madugu da ja-gaba ba. Yau ma hukuma ta zo ta tsaya a inda fiƙihu ya tsaya, ko da yake da nata dalilin: tun bayan da 'yan bindiga suka sace Turawa masu yawon buɗe ido 32 a hamadar Aljeriya a 2003, aka tsananta doka, baƙo ɗan ƙasar waje ba ya kutsawa cikin Ahaggar, wadda gandun hukuma ce tun 1987, sai ta hannun kamfani mai izini tare da ja-gaba ɗan ƙasa. Kuma ba zan iya rubuta kalmar kaɗaici game da wannan yanki ba tare da na tuna 'yan'uwanmu da ake korowa daga Aljeriya, a sauke su a kan iyaka su taka wajen kilomita 15 a cikin yashi kafin su kai Assamaka, mata da yara a cikinsu. Su ba su zaɓi dawa ba, kuma wanda ya je neman shiru da kuɗinsa da guzurinsa ya kamata ya san cewa a hamada guda suke.

Ra'ayina, bayan duk wannan, shi ne buƙatar keɓewa gaskiya ce, kuma ta fi tsanani a wannan zamani da waya take bin mutum har shimfiɗarsa, ba ta barinsa ya yi sa'a guda da tunaninsa. Kallon halittar Ubangiji domin tafakkuri kuma abu ne da aka umarce mu da shi, Musulmi bai kuwa buƙatar ya yi tarayya da rahibin a aƙidarsa kafin ya amfana da dutsen da rahibin ya zaɓa. Abin da Asekrem take iya bayarwa, kuma ya isa, shi ne kaɗaici mai iyaka: mutum ya yi kwanaki yana tafe da ƙafa tare da ja-gaba da raƙuman kaya, yana cin tagella, gurasar da ake gasawa a cikin yashi da toka, har idan an iso mashigin dutsen ya gaya wa abokan tafiyarsa inda za shi da lokacin da zai komo, ya ɗauki ruwa da bargo da fitila, ya hau shi kaɗai.

A saman zai tarar ɗakin yana nan, da ɗan wurin ibadarsa da littattafai, kuma akwai masu kula da shi, domin tun 1955 waɗansu ruhubanawa na ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, wadda aka kafa a 1933 bisa tafarkin Fuko, suke zaune a can su biyu ko uku, a 'yan ɗakunan dutse da ke gefen tudun, suna tarbar masu hawa, waɗanda da yawansu Musulmi ne 'yan Aljeriya. Kusa da su akwai tashar auna yanayi, ɗaya daga cikin tashoshin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta dogara da su wajen auna abin da ke cikin iska, an kuwa zaɓi wurin ne saboda nisansa da hayaƙin birane. Mai hawa zai iya wuce su duka ya tafi bakin tudun ta gabas, ya yi taimama idan sanyi ya hana taɓa ruwa, ya fuskanci alƙibla, wadda daga nan take kusan saitin mafitar rana, ya yi sallar asuba, ya zauna cikin bargonsa har turakun Atakor su gama kama haske. Kafin hantsi ya ɗaga zai ga hayaƙi siriri yana tashi daga mashigin dutsen a ƙasa, inda ja-gaba ya hura wuta ya ɗora butar shayi yana duban hanyar da zai sauko.